Ina Bisa Dutse

A bayan garinmu akwai dutse. Haka muke kiran shi, ba shi da wani suna. Jan tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai irin na ƙasar Adar, awaki na kiwo a jikinshi, mata na hawa neman itace. In mutum ya tsaya a bisa, wanda ke bakin rijiya zai gane shi da launin rigarshi. In akuya ta ɓace sai a ce a duba bisa dutse, mutum ya hau ya sauko kafin ruwan shayi ya tafasa. Da wannan dutsen na tashi, da shi uwata ta tsufa, kuma har furfura ta fara fito min ban san wani ba.

Ɗana na fari ya tafi arewa neman zinariya shekarar da gero ya ƙi. Ba ni na rene shi ba. Kamar yadda ake yi a wurinmu, tun da aka yaye shi Inna, uwata, ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ni da uwarshi ba mu faɗar sunanshi, ba mu zama hira da shi. Saboda haka in ya kira daga can, salular ƙanenshi ce ke ƙara, wanda ke kabu-kabu tsakanin garinmu da Ƙonni, shi kuma ya kai ta ɗakin Inna. Kunnenta ya yi nauyi, sai a buɗe muryar kowa na ji. Ni ina waje ina tufkar igiya, kamar ba saurare nake ba.

"Maigida, ina kake?" in ji Inna, don haka take kiran shi tun yana rarrafe.

"Ina bisa dutse, tsohuwa! Yi magana da sauri!"

"Kullum bisa dutse, kai biri ne? Mi kaka ci can?"

"Shinkahwa da taliya. Na samu wata amarya mai haƙora, ke na sake ki."

"Ka yi kaɗan. Wa za ta kwashe ka da wanga kai naka kamar ƙwaryar da ta sha ɗinki? Sauko ka zo gida."

"Sai na sawo miki haƙoran zinariya."

Duk kiran da ya yi, haka yake farawa: ina bisa dutse. Daga baya kiran ya yi nisa da juna, sannan ya tsaya. In an buga lambar, wata mata ce ke amsawa da Faransanci. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Duk wanda muka ji ya dawo daga arewa, ko a garin wa yake, ƙanen ya hau babur ya je ya tambaye shi. Ba wanda ya gan shi. Inna ta bar tsokanar mutane, ta bar fitowa ƙofar ɗaki. Ƙafafunta suka kumbura.

Bayan mun gama ɗaurin gero ta aika aka kira ni.

"Yaron nan ya gaya muna inda yake," ta ce. "Da bakinshi ya hwaɗi, ba sau ɗaya ba. Ku kuna yawo kuna tambayar mutanen tasha. Tashi ka tahi ka hau dutsen nan ka sauko min da shi. In ciwo garai, ka goyo shi. In kunya yaka ji don bai samu komi ba, ka ce ni na ce ban son haƙoran. Kuma ka hau har bisa da ƙahwarka, kada ka tsaya gindi ka aiki wani."

Na ce to. Ban ga wauta a maganarta ba, ni ma haka na ɗauka. Abin da na sa a raina wahalar ita ce hanya. In na isa, hawa dutse aikin hantsi ne.

Wani kamiyo, babbar motar kaya, da ya taso daga Ƙonni ya ɗauke ni bisa buhuna. Muka wuce Tawa, muka wuce Abalak, gonaki suka ƙare, itatuwa suka gajarce, hanya ta lalace har haƙoran mutum na karo da juna. A tashar Agadas na sami wani mai shayi, mutumin wajenmu, na gane shi da harshe. Na gaishe shi, na tambaye shi hanyar dutse.

"Wane dutse, Baba?"

"Wanda masu zinariya suke."

"Baba, nan Abzin ne. Duk dutse ne."

Na ɗauka irin maganar mutanen birni ce, masu son su rikita baƙo. Na ce mishi babban nake nufi.

"Babba dai Bagzan ne, ba wanda ya kai shi a ƙasar nan. Kuma ana haƙa a gindinshi."

Na yi mishi godiya kamar ya ba ni yaron a hannu.

Daga nan wata mota ta kasuwa muka shiga, mu da buhunan sukari da jarkokin mai. Da muka fara ganin baƙaƙen duwatsu, kowane na gani sai in tambayi na kusa da ni ko shi ne. Wani saurayi ya ce, "Wannan ai jikanshi ne, Baba." Aka yi dariya, ni ma na yi. Can gaba na hango wani baƙi ya tare gabas tun daga wannan gefe har wancan. Na ce ikon Allah, hadari bayan kaka? Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Saurayin ya ce shi ne Bagzan.

Inda ake haƙar zinariya ba gari ba ne. Ramuka ne, da bukkokin tamfol, da injuna masu niƙa dutse, da samari waɗanda garin dutse ya yi musu fari har gira. Na zaga da ɗan hoton da aka ɗauke shi lokacin yin katin ɗan ƙasa. Kowa ya karɓa ya duba da kyau, ba wanda ya wulaƙanta ni. Wani ya ce kamar ya san fuskar. Wani ya ce duk wanda ya shekara a rami ba ya kama da hotonshi. Suna ma bai taimaka ba, don a can kowa da sunan da abokai suka laƙa mishi, wani sunan garinsu, wani sunan mota.

Sai wani mutum daga wajen Illela, mai dafa musu abinci, ya ce min waɗanda rami ya gajiyar sukan hau bisa su yi aikin garka. Ya ce Buzayen da ke zaune can suna noman albasa da tafarnuwa, kuma suna son mutanen Ƙonni don sun san albasa. Ɗana tun yana ƙarami yake zuwa dashen albasa a fadama. Da na ji haka sai da na zauna. Na ce a raina Inna ta yi gaskiya.

Mota ba ta hawa ta inda muke. Aka haɗa ni da wani dattijon Buzu mai jakuna, wanda ke kai sukari da ganyen shayi da man injin ban ruwa, ya sauko da tafarnuwa. Ya girme ni, amma siririn mutum ne kamar sanda. Ya dubi takalman robana ya dube ni.

"Bahaushe, ka taɓa hawa dutse?"

"Tun ina yaro. Akwai ɗaya a bayan gidanmu."

"Na san irin naku. Tururuwa ta tara ƙasa, ku ce dutse."

"Namu ma sai an yi nishi."

"To yau za ka yi na shekara."

Muka kama hanya da sassafe. Hanyar ba hanya ba ce, tsagi ne tsakanin manyan duwatsu, kowane ya fi ɗakin Inna. Jakunan sun san inda za su sa ƙafa, ni ban sani ba. Duk lokacin da na hango ƙarshen hawa na ce mun iso, in mun kai sai wani ya fito a bayanshi. Numfashina ya riƙa tsayawa a wuya. Rana na bisa kai amma iska mai sanyi ce. Takalmi ɗaya ya tsinke, dattijon ya ɗaure min shi da igiyar kaba, yana cewa ƙafar mutanen kudu don rairayi aka yi ta. Da muka zauna sallar azahar na waiwaya, bukkokin masu zinariya sun koma kamar kashin awaki.

Ya tambaye ni wa nake nema. Na ce yaron gidanmu ne.

"Ɗanka?"

"Na hwari."

Bai ƙara tambaya ba. Ya hura gawayi ya dafa shayi, ya ba ni kofin farko.

Abin da nake tsammani a bisa shi ne fili kamar na dutsenmu, in tsaya a tsakiya in ga kowa. Da muka fita daga tsagin ƙarshe sai na ga ƙasa guda. Garuruwa ne da ɗakunan dutse, da masallatai, da rijiyoyi, da garake kore shar, da hanyoyi masu zuwa wasu garuruwan da ba a hangowa. Mata na kiwon awaki. A tsakiyar wannan ƙasar kuma wasu duwatsun ne suka sake tashi. Na tambayi dattijon ina ne bisa. Ya ce ai muna bisa. Na nuna waɗancan. Ya ce su ma bisa ne.

Ya sauke ni a gidan ƙanwarshi, aka ba ni bargo da cukui da tuwon alkama. Na yi kwanaki ina bin garake ɗaya bayan ɗaya. Albasarsu ta yi kyau, ruwansu ya fi namu sanyi. Na sami Hausawa ƴan ƙwadago, daga Madawa, daga Dogon Dutsi, har da na Najeriya. Kowa ya ajiye kwashe ya goge hannu ya karɓi hoton. Kowa ya mayar min da shi, ya ce Allah ya sa a gani.

Wata la'asar ina dawowa daga wata garka sai na ga mutane zaune bisa wani ƙaton dutse a gefen gari, maza da mata, kowa ya ɗaga hannu sama. Da na matsa na ga salula ce a hannunsu. Na tsaya a gindi ina kallo. Can sai wani saurayi Bahaushe, wanda na nuna wa hoto da safe, ya miƙe ya sa salula a kunne ya ɗaga murya.

"Alo! Inna? Ina bisa dutse! Ku yi magana da sauri, rezo na tahiya!"

Na jira har ya gama ya sauko. Na tambaye shi me ya sa ya ce haka.

"Mi, Baba?"

"Ka ce kana bisa dutse."

"Ai nan ba rezo sai an hau. In ka ce haka, na gida sun san ba a daɗewa."

"Nan kaɗai ake haka?"

"Ko'ina. Ni na yi rami wurare da yawa, har kusa da iyakar Aljeriya, har Jado. Kowane sansani da dutsen da aka hawa a yi waya. Wani ma sai an hau babur an je."

A garinmu rezo, wato sabis ɗin waya, har cikin ɗaki yake shiga, na ƙasarmu da na Najeriya suna rige-rige. Ba wanda ya taɓa hawa komi don ya yi waya. Yaron bai taɓa gaya mana inda yake ba. Cewa yake mu yi sauri.

Saurayin ya ga fuskata ya ce ko ya faɗi wani abu ne. Na ce a'a, Allah ya yi mishi albarka.

Da safe na ce wa dattijon ya nuna min dutsen da ya fi kowane tsawo. Ya nuna wani can nesa, mai kai kamar an karya.

"Ba kowa can sai iska," ya ce. "Ko akuya ba ta zuwa."

"Na sani. Tsohuwa ta ce in hau har bisa."

Ya daɗe yana gyara rawaninshi. Sannan ya ɗaure jakunan a inuwa, ya ɗauki gorar ruwa, ya ce in biyo shi.

Wannan hawan ba na tuna shi duka. Na san da hannu da gwiwa na yi wani wurin. Na san na yi amai sau ɗaya, dattijon ya juya baya har na gama. Ba ciyawa, ba tsuntsu, sai duwatsu masu santsi da iska ta ci. Kaina ya riƙa sarawa. A ƙarshe muka kai inda ba sauran abin hawa, wani ɗan wuri da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, da tarin duwatsu da waɗanda suka riga mu suka ɗora.

Na juya gabas, duwatsu ne. Na juya arewa, duwatsu ne, baƙaƙe, bayansu masu shuɗi, bayan waɗannan wasu da ba a rabe su da sama. Yamma haka. Tsakaninsu ƙoramu busassu kamar jijiyoyin bayan hannu. Ban ga hayaƙi ba, ban ga hanya ba, ban ga mutum ko ɗaya ba. Na fara ƙirga kawunan duwatsun kamar yadda ake ƙirga dammunan gero, na bari. Dattijon ya ce abin da nake gani ma ba rabin Abzin ba ne, kuma Jado ba a hango ta daga nan ko da idon shaho. Bayan shekaru, a ajin karatun manya da nake zuwa, malaminmu ya buɗe mana taswirar ƙasa, ya rufe duk Abzin da yatsa biyu.

"Tunda ka zo, kira shi mana," in ji dattijon.

Na dube shi. Ya matsa gefe ya zauna ya ba ni baya. Na buɗe baki na kira sunan, da ƙarfi, yadda ban taɓa yi ba. Iska ta ɗauke shi tun bai bar bakina ba. Ko amsar da dutse kan mayar ban ji ba. Na sake, na sake. Daga nan na zauna har sanyi ya shiga ƙashina, dattijon ya ce rana ta juya, mu sauka.

Ranar da muka rabu a gindi ya ce in bar mishi hoton, zai nuna wa masu hawa da sauka. Na ce shi kaɗai gare mu. Ya ce to in tafi da shi.

Na iso gida da hantsi. Ban ko sha ruwa ba na shiga ɗakin Inna. Ta dubi bayana, ta dubi ƙofa.

"Ka hau?"

"Na hau, Inna."

"Har bisa?"

"Har inda ba sauran bisa."

"To ina shi?"

Na fara gaya mata. Na ce dutsen ba ɗaya ba ne. Na ce maganar da yake yi ta waya ce, ba ta wurin zama ba. Na maimaita da ƙarfi saboda kunnenta. Tana kallona kamar lokacin da nake yaro in an aike ni na dawo da dalili.

"Ka duba bayanshi?"

"Inna, ba shi da baya guda."

"Kowane dutse da bayanshi. Ba ka duba da kyau ba. Tun kana ƙarami haka kake, a ce ka ɗauko abu, shina gabanka ka ce ba ka gani ba."

Duk wanda ya zo yi min barka da hanya, sai ta kira shi ɗaki ta gaya mishi ban duba da kyau ba. Ban musa ba. Na ga muddin laifin nawa ne, yaron na nan a wurinta, bisa dutse ɗaya, yana jiran wanda ya fi ni ido. Na ɗauka barin ta haka ba zai ci kowa ba.

Amma ƙanen yaron yana jin duk wannan. Kullum shi ke kai mata fura, kullum tana faɗa mishi. Gero kuma bai yi wani abin kirki ba, kabu-kabu ya yi yawa a Ƙonni har masu babura sun fi fasinja. Da rani ya tsaya, ya same ni a gindin rumbu ya durƙusa.

"Baba, ni zan tahi in duba."

Na ce ya zauna. Na share ƙasa da hannu, na ɗauko tsakuwa na ajiye, na ce wannan Bagzan. Na ajiye wata, na ajiye wata. Na bi tsakar gida ina tsintowa ina jerawa har suka ƙare, na shiga sa ƙwallon goriba da gutsuren tukunya. Na ce duk wannan abin da ido ya kai ne kawai. Na gaya mishi ramukan, da samarin da ba su kama da hotonsu. Ya saurara da ladabi, kanshi a ƙasa.

"Na ji, Baba. Amma kai ƙahwarka ta manyanta. Kuma ni na san abokanshi."

"Ba ka san su ba. Can ba wanda ke amsa sunanshi."

"Kaka ta riga ta sa min albarka."

Na san ba neman wanshi kaɗai ke jan shi ba, shi ma ya san na sani. Na hana shi da baki, na sa kawunshi ya yi mishi magana, na sa liman. Ya jinkirta har bayan salla don kunyarmu. Sannan ya sayar da babur ɗin.

Ni na kai shi bakin titi da amalanken jaki. Ya nemi hoton, na ba shi. Mota ta zo, ya hau bisa kaya, ya ɗaga min hannu. Na tsaya har ta shige bayan tudu, sannan na juya jakin.

Da na shigo gida na sami Inna ta sa an fito da ita ƙofar ɗaki, ta ɗaura sabon kallabi. Uwar yaran na daka, ba ta ɗaga kai ba. Inna ta ce a buɗe ɗakin samari a share, a shanya tabarmi, don su biyu za su dawo kuma ba ta son su tarar da ƙura. Ta faɗa har sau biyu. Uwarsu ta jingine taɓarya ta ɗauki tsintsiya.